Hannun da Ya Juye Tukunyar

Ana dab da magariba Falalu ya jingine kekensa a ƙofar gidan Hajiya Laure da ke Unguwar Hajji. A 1989 gidaje masu kicin na zamani a Karaye ba su taka kara sun karya ba, kuma shi kaɗai ne mai gyaran famfo daga nan har Rogo. Ba gona, ba saniya. Da hannunsa na dama yake ciyar da mutum bakwai, kuma wallahi yana ji da hannun nan.

Bayan gaisuwa, Hajiya ta tsaya daga bakin ƙofar kicin, ta nuna masa ƙarƙashin kwamin wanke-wanke da baki.

"Bututun ne ke yoyo, Malam Falalu. Sau uku ana ɗaure shi."

Ya durƙusa ya kunna tocila. Warin ruɓaɓɓiyar miya ya buge shi. Ɗis. Ɗis. Bututun ya bi ta bango ya sauka ramin bayan gida. Ba tsagewa ya yi ba, ƴan huji ne ƙanana a jere kamar sawun haƙori. Ya ce a ransa ɓera ne. Ɓera mai cin ƙarfe? Oho, shi dai aiki ya kawo shi.

Ya kwance bututun da sifana, ya sa sabon guntu, ya ɗaure tamau. Sai ya ji numfashi a cikin bututun, a hankali, irin na jariri mai barci.

Ya saurara. Shiru.

"Maiƙo ya daskare a ciki," in ji Hajiya ƙasa-ƙasa. "Ga ruwa can yana tafasa a kan risho. Ɗan zuba mana."

Kowa ya san ba a watsa ruwan zafi da magariba, balle babu bisimilla, don kada a ƙona ƴaƴan mutanen ɓoye. Amma a tsakar gida ake kiyaye wannan. Wa ke tuna shi a gaban kwamin Turawa? Ladan ya soma kira, Falalu yana saurin samun jam'i. Ya ɗauki tukunyar ya juye duka.

Ƙara ta taso daga ƙarƙashin ƙasa. Siririya. Ba murya ɗaya ba, uku ne ko huɗu.

Ƙaurin gashi ya cika kicin.

Ya waiwaya. Ƙofa a rufe. Ya ji an zura sakata daga waje.

"Hajiya?" ya kira.

Kukan ya ɗauke. Daga ramin kwamin wata mace ta yi raɗa, muryarta a dashe.

"Hannun wa?"

"Ba nawa ba," in ji Hajiya daga bayan ƙofa. "Ga shi nan a ciki."

Yatsu suka fito, dogaye, jiƙaƙƙu. Suka kama wuyan hannunsa na dama.

Sanyi tukuna. Sannan wuta.

Falalu ya kurma a'uzubillahi, ya daki ƙofar da kafaɗa har sakatar ta ɓalle. Ko keken bai waiwaya ba.

Kafin ya isa gida fatar hannun ta saɓule. An je asibiti, an je wajen malaman Rogo Ruma, a banza. Yatsun suka ƙandare, ruwa mai ɗumi yana tsatsowa daga bakinsu dare da rana. Ko cokali ba ya iya riƙewa.

Daga baya ya ji labari a bakin wani malami. Tuni an gaya wa Hajiya akwai mutanen ɓoye masu zama a ramin bayan gidan, su ke huda bututun don ruwan zafi kada ya isa kan ƴaƴansu. An ce mata tafasasshen ruwa zai tashe su, amma hannun da ya zuba shi zai ɗauki alhaki.

Baƙin ciki ya kai shi ƙofarta. Ya warware tsumman da ya naɗe hannun da shi ya nuna mata, yana hawaye.

Ta duba hannun, ta gyara mayafi.

"Allah ya sawwaƙe, Malam Falalu. Amma ni na zuba?" Ta juya za ta shige, sai ta tsaya. "Aikinka dai ya yi kyau. Ko ɗis bai sake yi ba."