Sukari a Kwalbar Shafe

Yankan kek ɗin yana hannuna, amma ban kai shi baki ba. Juya shi na yi ina duban ƙasansa.

Sumul yake har gefe. Babu ɗigon farin fulawa a jikin cakulan ɗin, babu inda ya ɓantare.

"Ci mana," in ji Yaya. "Kin tsaya juya shi kamar mai neman kwarkwata."

"Daga ina kika samo?"

"Shagon 'yar gwaggon Dogo. Wata a ofis ɗinmu ce ta raba."

Na ajiye kek ɗin.

Dogo shi ne wanda nake so, shekara biyu ke nan, gyaran oben ne sana'arsa. 'Yar gwaggon nan tasa kuwa ita Ummansa take so ya aura, ni ko gaisuwata sai ta ga dama take amsawa. Shagon yarinyar layi biyu ne tsakaninsa da nawa, kuma kowa ya san kek ɗinta manne wa gwangwani yake, sai ta kankaro shi da wuƙa ta lulluɓe ɓarnar da kirim.

To yau ga shi ya fito kamar nawa.

Sirrina ba wani dogon abu ba ne, marigayiya mahaifiyarmu ce ta bar mana shi. Kofi ɗaya na fulawa, kofi ɗaya na mai, kofi ɗaya na bota. A buga su har su yi laushi kamar man shafawa, a zuba a kwalba, a sa a firij. In za a yi gashi, a shafe gwangwani da burushi har lungu-lungu. Idan na cakulan ne, garin cakulan ake sawa a madadin fulawa don kada ya bar fari. Kana kifa gwangwanin, kek zai sauko da kansa.

Mutum ɗaya ne a waje ya taɓa ganin ina haɗawa. Kuma sau biyu a watan nan yana karɓar kwalba a hannuna.

"Dogo ne," na ce.

Yaya ta ƙware da shayi. "Ke dai kin fiya zargi. Bari in tafi, na makara."

Ta suri jakarta ta fice, ko mayafinta ba ta gama gyarawa ba.

Da yamma sai ga gogan naku a shago, jakar kayan aiki a kafaɗa, yana murmushin nan da ke kashe mini jiki. Ranar dai bai kashe komai ba.

"Zumata, yau ko sannu babu?"

"Daga ina kake?"

"Aiki."

"Aikin wa?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "Oben ɗin 'yar gwaggo ne ya ƙi zafi."

"Sau nawa yake ƙin zafi a wata?"

"Tsoho ne, Zumata. Ni na ƙera shi?"

Na ci gaba da goge tebur ɗin da babu komai a kansa. Ya jawo kujera ya zauna, wai shi a dole yana da magana.

"Alfarma nake nema. Kwalbar shafen nan... a ba ni babba wannan karon. Ranar Asabar ake bukata."

"Wa kake kai wa?"

"Wata ce."

"Wata ba ta da suna?"

"Tana da shi. Ki yi haƙuri zuwa Asabar, za ki ji komai."

Har da dariyarsa. Wallahi ji na yi kamar in kwaɗa masa ludayi. Ni zai mayar sakarya? Ya kwashi gadon uwata ya kai wa wadda ake so ya aura, sannan ya dawo yana ce mini Zuma?

"Ka dawo gobe," na ce.

Washegari na auna fulawa, na auna mai, na auna bota. Na buga har hannuna ya gaji. Sai na jawo robar garin sukari na zuba cokali biyar manya, na sake bugawa har ya ɓace.

Duk mai gashi ya san abin da sukari ke yi a gindin gwangwani. Narkewa yake ya ƙone, ya riƙe kek gam. A ido kuwa ba za ka bambanta kwalbar da ta kullum ba.

Na ce a raina, ranar Asabar zan ga kek ɗin da zai ƙi fita, in san inda kwalabena suke kwana. Na miƙa masa har da murmushi.

"Allah ya bar mini ke," ya ce.

Ban ce amin ba.

Asabar da hantsi na bar shagona na bi ta layinta kamar mai wucewa. Na leƙa ta gilashi.

Kek jere reras a kan kanta, kowanne sumul.

Na dawo gida kaina a ɗaure. Yaya tana falo tana yanke farce. Na zube kusa da ita na kwashe komai na faɗa mata, har sukarin.

Abin yankan ya faɗi daga hannunta.

"Kin zuba me?"

"Sukari. Amma nata bai manne ba, ban gane ba..."

"Na shiga uku." Ta dafe kai. "Ƙanwata, ni ce."

"Ke ce me?"

"A wurin gyaran gashi. 'Yar gwaggon nan tana ta cika baki wai ta fi ki iyawa, raina ya ɓaci, na ce ke da ko gwangwani ba ki iya shafewa ba? Ta ce yaya ake yi, ni kuma bakina ya ƙi tsayawa. Har na cakulan na faɗa mata. Kunya ce ta hana ni gaya miki."

Ban samu bakin yi mata masifa ba, wayata ta yi ƙara. Dogo ne.

"Me ke cikin kwalbar nan?"

Babu Zuma, babu sallama.

"Wa... wa ka kai wa?"

"Umma."

Na miƙe zumbur, shi kuwa ya ci gaba.

"Yau Abba yake ajiye aiki, abokan aikinsa za su zo gida ƙarfe huɗu. Gwangwani goma sha biyu ta gasa, ko ɗaya ya ƙi fita. Tana zaune a kicin ta yi tagumi." Ya ja numfashi. "Shekara da shekaru kek ɗinta yana mannewa. Na kai mata kwalbarki ban faɗi mai ita ba. Kullum sai ta ce hannun da ya haɗa wannan mai albarka ne, in kawo mata matar ta gani. Yau na so in faɗa mata a gaban Abba, in ga ta inda za ta ƙi ki kuma."

Hawaye suka zubo mini.

"Na ɗanɗana abin da ya rage," ya ce. "Zaƙi ne. Kuskure kika yi?"

Ƙofa ce ya buɗe mini, na sani. Da na ce eh, shi ke nan.

"Da gangan na zuba. Na ɗauka 'yar gwaggonka kake kai wa."



"Shekara biyu," ya ce a hankali. "Ashe kallon ɓarawo kike mini." Can ya ƙara da cewa, "Zan ce mata a mota na bar kwalbar, rana ta lalata ta. Ba sai ta san ke ce ba."

Wannan ya fi zagi ciwo. Na ɓata masa, kuma yana shirin yi wa uwarsa ƙarya don ya rufa mini asiri.

"Kada ka ce komai. Ga ni nan."

Na kwashi fulawa, bota, ƙwai da gwangwanayena shida. Yaya ta kai ni har ƙofar gidan su Dogo, ta ce ita a mota za ta jira.

Kicin ɗin yana warin ƙonannen sukari. Umma tana kan kujera, wuƙa a hannunta, gabanta tire cike da ɓaraguzan kek. Dogo yana jingine da firij, bai dube ni ba.

Na durƙusa.

"Umma, ina wuni."

"Me ya kawo ki?"

"Ni ce mai kwalbar. Duka ukun ni na haɗa. Ta yau na zuba mata sukari da sanina, don ina zargin ɗanki yana kai wa wata. Ba shi da laifi ko kaɗan. Ki yafe mini."

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Ta dubi ɗanta. Ta dubi agogon bango, sha biyu da rabi.

"Kin iya gyara abin da kika ɓata?"

"In kin ba ni wuri."

Ta janye ƙafarta na wuce.

A gabanta na auna komai, kofi ɗaya-ɗaya, na buga. Kafin in tsoma burushi ta miƙo hannu ta lakata ta kai baki. Ban ga laifinta ba. Na shafe gwangwanayena, ita tana fasa ƙwai, Dogo yana lura da wuta.

Da na farko ya sha iska, na miƙa mata. Ta ɗora faranti ta kifa.

Ya sauko sumul.

Umma ta daɗe tana kallonsa.

"Kin kafa wa ɓarawo tarko, kin kama tsohuwa," ta ce. "Zuciyarki ba ta da kyau in ta tashi, yarinya."

"Haka ne, Umma."

"Ɗazu wannan dogon banzan ya fara mini zancen mota da rana. Na haife shi, na san ƙaryarsa tun kafin ya buɗe baki. Da kin bar shi ya ƙarasa, da har abada ba ki taka gidan nan ba."

Saura kwata huɗu muka fitar da na ƙarshe. Muryoyin baƙi suka fara tashi a falo. Umma ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ɗauki tire, sai ga ƙanwar Abba ta leƙo tana cewa a kira mai aiki ta wanke ƙonannun gwangwanayen nan.

"A bar su," in ji Umma. Ta ɗauko soson ƙarfe ta danƙa mini a hannu. "Surukata ce ta ƙona, ita za ta kankare."

Ta fice abinta.

Na tsaya da soso a hannu, hawaye na ɗiga a kan famfo. Sai na ji an tsaya kusa da ni. Dogo ne yake naɗe hannun riga.

"Har yanzu ina fushi," ya ce.

"Na sani."

"Gobe in abu ya dame ki, ki tambaye ni."

"Na tambaya, ka ce wata ce."

Ya jawo gwangwani ɗaya ya duba baƙin da ya kama gindinsa.

"Cokali nawa kika zuba, don Allah?"

"Biyar."

"Biyar! Ashe ba ƙaramin so kike mini ba." Ya karɓe soson daga hannuna. "Matsa, Zumata. Shida naki, shida nawa."