Ranar da Barmo Ya Ɗaure Ruwa

Ni na fara ganin Ci-Gaɓa, kuma duk wanda ya ce ya riga ni, ƙarya yake yi. Ina bakin Tafkin Gishiri da hantsi ina gyaran taru, sai ga wani abu ya taso daga teku, tsawonsa ya fi layin kasuwarmu, ba hayaƙi, ba matuƙi, ba ko mutum ɗaya a kansa. Ya zura dogon baki cikin ruwa yana zuƙe yashi da laka da saiwoyin itace, ta baya kuma yana sauke tubalan dutse a jere kamar kaza na saka ƙwai. Ban taɓa zama a aji ba, amma ba sai an karanta mini ba: abin nan gaɓa yake ci, tashar jiragen ruwa yake haifarwa.

Kamfanin tasha ne ya kawo shi. Birnin ya riga ya cika da benaye masu taɓa gajimare da jiragen kaya masu tuƙa kansu, sai wurin tsayawa ya yi musu kaɗan. Idon masu kamfanin ya faɗa kan tafkinmu na Zangon Gaɓa, inda kakanninmu suka yada zango bayan kogunan arewa sun ƙafe. A cikin itatuwan da ke tsiro a ruwan gishirin nan kifi ke zuba ƙwai, su ne kuma ke karya ƙarfin igiyar teku kafin ta iso gidajenmu.

Ci-Gaɓa ba ta da ido nata. Idonta wata ƙaramar na'ura ce mai shawagi a sama, muna kiranta Shirwa. Shirwa ke leƙa ruwa ta aika wa ƙwaƙwalwar Ci-Gaɓa abin da ta gani. In fitilar cikinta ja ce, uwar ta tsaya. In ta koma kore, ta ci.

Wadda ta sa fitilar nan ta zama ja ita ce Tabawa mai banda. Ita ta tara matan da ke ƙyafe kifi, suka yi tattaki har kotu da warin hayaƙi a zannuwansu, suka zauna a ƙofa har alƙali ya yanke hukunci: na'ura ba za ta shiga ruwan da mutane ke aiki a kai ba. Amma duk lokacin da teku ya cika ya janye Shirwa ba ta ga kowa a tafkin ba, an ɗauka mun bar shi ke nan.

Sai Tabawa ta raba garin. Masunta da safe, mata masu kamun ƙaguwa da rana, tsofaffi irina da yamma, muna zaune a kwalekwale muna shan shayi da ƙugiya a ruwa. Ci-Gaɓa ta tsaya a bakin tafki tana gurnani kamar kare a bayan danga. 'Yan jarida suka yi ta zuwa. Aka haska fuskar Tabawa a jikin wani bene a birni, hancinta kaɗai ya kai girman ɗaki. Ni da na fara ganin abin, ko sunana ba a tambaya ba, amma bar wannan.

Wanda abin ya fi ci shi ne Sarkin Ruwa Barmo.

Barmo ya gaji sarautar daga ubansa. Da, ba mai jefa taru a sabuwar shekara sai ya sa albarka, ba baƙon da zai sauka bai fara durƙusawa a zaurensa ba. Yanzu baƙi na wuce ƙofarsa suna tambayar gidan mai banda. Abin da ya ƙara masa zafi, Tabawa taubashiyarsa ce, 'yar ƙanwar ubansa, wadda tun suna yara yake kira baiwarsa. Rannan wani ɗan jarida ya miƙa masa jaka ya riƙe, don ya samu damar ɗaukar hotonta. Barmo ya riƙe.

Da yamma Tabawa ta biyo ta ƙofarsa da tire a ka.

"Sarkin kwaɗi, gobe kai ne da la'asar. Na sa ka jirgi ɗaya da Jatau, kada ku yi barci."

Jatau ni ne.

"Ke 'yar mace," in ji shi, "yaushe baiwa ta fara raba wa ubangijinta aiki?"

"Tun ranar da ubangijin ya koma gadin tabarma." Ta yi dariya, ta ajiye masa kifi biyu masu zafi. "Ci ka yi ƙarfi, ɗan kawu. Rawanin nan ya fi ka nauyi."

Wasa ne irin na kullum, amma yau a gaban mutane ta yi, kuma mutanen sun yi dariya fiye da yadda ya kamata. Barmo ya dubi kifin har ya huce. A ransa yana cewa: ta tsayar da na'ura da takardar kotu, an ɗaga ta sama. Ni kuwa ina da abin da ya girmi kotu.

Abin shi ne ɗaurin ruwa. Idan lokacin zuba ƙwai ya yi, Sarkin Ruwa kan kafa gora mai jan ƙyalle a tsakiyar tafki, ya yi addu'ar da shi kaɗai ya sani. Daga nan ba mai sa ko yatsa a ruwan sai shi ya tuge gorar da hannunsa. Wanda ya keta, a ƙone jirginsa, a daina cin kifinsa, ranar mutuwarsa kuma baƙi ne za su ɗauke shi. Barmo ya ji ubansa na cewa sojoji ma sun taɓa juyawa da suka ga jan ƙyallen. Ga shi kuma lokacin ƙwai ya kusa. Ba wanda zai ce son rai ne.

Bayan sallar asuba ya kafa gorar, ya sa aka yi shela.

Jiragen da ke kan ruwa suka juyo ɗaya bayan ɗaya. Kafin rana ta yi tsaka, gari duka na zaune a gaɓa, tafki ya yi fayau kamar faranti. Barmo na tsaye da sandarsa yana kallon kawunan mutane. Da baki ɗaya ya yi wannan, ba lauya, ba hoto. Daɗin da ya ji a ƙirjinsa, ya daɗe bai ji irinsa ba.

Tabawa ta iso a guje, ɗankwali a hannu.

"Barmo, me ka yi?"

"Na ɗaure ruwa. Na ɗaure shi ga mutum da aljan da ƙarfe."

"Ƙarfe bai san ka ba! Mutum take nema, ba ƙyalle ba. Dubi teku, ya fara janyewa!"

"Ke kotu ta sani, ni ruwa ya sani."

Ta fizgi filafili ta nufi jirginta. Matan da suka bi ta har kotu, su ne suka riƙe ta. Wata ta kama ƙugunta, wata ta rungume ƙafarta tana kuka. "Yaya, ki rufa mana asiri! Wa zai yi miki wanka? 'Ya'yanki fa?" Ta yi ta fizge-fizge har zanenta ya yage, ba su sake ta ba. Ni ma ina cikin waɗanda suka janye jirgin nata kan tudu, kuma ko yau aka sake, haka zan yi, don haka aka haife mu.

Da ta ga ba dama, sai ta zube a gabansa, gwiwa biyu a yashi.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwa. Na bi. Ka tuge ta."

Bai taɓa jin ta kira shi haka ba. Da a zaure ta faɗa, su biyu, da ya tashi nan take. Amma gari na kallo, masu hoto na kallo, kuma in ya tuge yanzu, gobe za a ce Tabawa ce ta sa Sarkin Ruwa ya kwance ɗaurinsa. Ya ce a ransa bari ta ɗan ƙara daɗewa a durƙushe. Kaɗan kawai.

Yana cikin wannan kaɗan ɗin fitilar Shirwa ta koma kore.

Ci-Gaɓa ta shigo ba gaggawa. Itatuwan bakin tafki suka fara kwanciya, ruwa ya koma kalar kunu, ƙananan kifi suka taso suna juya ciki sama. Barmo ya jefar da sanda ya faɗa jirgi, yana tuƙi kamar saurayi, yana ihu, "Ga mutum! Ga mutum a ruwa!" Saura kaɗan ya kai ga gorar, sai wani hannun ƙarfe ya sauko ya ɗauke shi, shi da jirgin, a hankali kamar mai ɗaukar jariri. Wata murya mai daɗi ta ce da Hausa tsantsa, "Sannu Baba. Nan filin aiki ne, an hana shiga. Allah ya huci zuciyarka." Ta dire shi a gaɓa, kusa da Tabawa.

Tabawa ba ta zage shi ba. Ta kakkaɓe gwiwoyinta ta wuce, kuma daga ranar ba ta sake yi masa wasa ba.

Damina ta gaba teku ya shigo Zangon Gaɓa har cikin ɗakuna, don babu sauran itacen da zai tare shi. Ni na fito da tsofaffi biyu a bayana, ruwa iya wuya, ga ni nan daram. Tasha kuwa an gina ta, ta fi birnin haske. Sai dai igiyar da ta cinye mu yanzu gindinta take ci, don haka Ci-Gaɓa ba ta huta ba, tana can gaba tana cin gaɓar wasu don ta cike ƙarƙashin abin da ta gina.

Gorar ba ta faɗi ba. Na'urar ta ɗauka alamar awo ce, ta zuba kankare ta kewaye ta. Tana nan tsakanin manyan jirage biyu, a bayan waya mai lantarki, inda Barmo ba zai taɓa kai hannu ba. Don haka har yau ruwan a ɗaure yake. Kamfani ya buɗe wani lungu ya ce a zo a kama kifi kyauta, ba ɗan Zango ko ɗaya da ya je. Barmo kan zauna a bakin waya ya nuna wa masu wucewa, ya ce ba a taɓa Sarkin Ruwan da ɗaurinsa ya daɗe kamar nasa ba.

Wanda ke ganin tsufa ne ke sa ni surutu, ga taruna nan, na ba shi aro. Ya je lungun ya jefa, sannan ya shigo cikinmu ya yi sallama. In mutum ɗaya ya amsa masa, ya zo ya aske mini gemu.