Faifan Matar Fada

Hanne tana zaune a inuwar rumbu tana saƙar faifai, sai ga Inna Gaji ta shigo da ƙwaryar gyaɗa a kafaɗa, ko gaisuwa ba ta gama ba ta fara tsokana.

"Amaryarmu, wannan faifai ja da kore haka, na ɗakin wa?"

"Na matar Fada ne, Inna," in ji Hanne, ta sunkuyar da kai. "Ran Lahadi zan ba shi ya aika mata."

Inna Gaji ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ta sauke ƙwarya, ta shiga zancen ruwan sama.

Gidan Maikuɗi ƙaramin ƙauyen Maguzawa ne tsakanin Gaya da Ajingi, kewaye da gonakin Musulmi maƙwabta da ake zaman lafiya da su. Bayan samun mulkin kai wasu gidaje suka shiga Katolika. Fada, wani dogon Bature, yakan zo daga Kano a kan babur sau ɗaya a wata, ya yi musu addu'a a cocin zana ya koma. Kaf ƙauyen an ɗauka matarsa tana can ƙasarsu. To, ina laifinsu? Katekis, mai koya musu addini, yana da mata da 'ya'ya, faston ɗaya mishan ɗin ma haka, kuma su tunda suke ba su taɓa ganin namiji mai lafiya da gemu ya zauna ba aure ba. In Fada zai tafi, mata su ce, "A gaida uwargida," shi kuma ya yi dariya ya tayar da babur, a zatonsa wasa suke.

Barau shi kaɗai ne ɗan da ya rage wa Inna Gaji, mijinta ya rasu tuntuni. An yi masa baiko da Hanne tun kafin ya tafi makarantar koyon aikin Fada a Zariya. A al'adarsu, saurayi yakan noma gonar surukinsa kowace damina, in ya gama ya rataye fartanyarsa a zauren gidan. Muddin fartanyar nan tana rataye, kowa ya san yarinya tana da mai ita. Duk hutu Barau sai ya zo ya yi noman nan, ya rataye fartanya, ya koma.

Abin da Hanne ba ta sani ba, tun hutun farko Barau ya zaunar da mahaifiyarsa ya gaya mata cewa Fada ba ya aure. Inna Gaji ta kama ƙirjinta ta ce, "In ka gaya wa yarinyar nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba." Lissafinta shi ne, in dai Hanne tana jira, wata rana yaron zai gaji da karatun ya dawo gida. Katekis ma da ya san gaskiya ya ja bakinsa ya tsuke, wai ba ya shiga maganar surukai.

Haka damina ta bi damina. Lami ƙawar Hanne har ta yaye na biyu. Gwadabe, wani manomi mai shanun huɗa, mutum marar hayaniya, ya aiko tambaya, aka nuna wa ɗan aikensa fartanya. Hanne kuwa ko a jikinta, tana son Barau, kuma tana alfahari za ta zama matar Fada.

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci, ta durƙusa kusa da babur ta miƙa faifai.

"Fada, ga wannan a kai wa uwargida. Kuma don Allah a tambayar mini ita aikin matar Fada, in fara koya tun yanzu, kada in ba Yaya Barau kunya."

Fada ya juya faifan a hannunsa, fuskarsa ta yi ja. Da Hausarsa mai karkata ya ce, "Hanne, 'yata, ni ba ni da mata. Ba a nan ba, ba a ƙasarmu ba. Wanda ya zama Fada ba ya aure har ya mutu. Barau bai gaya miki ba?"

Hanne ta miƙe ta bar masa faifan, ta nufi gida ta bayan dawa don kada kowa ya ga fuskarta.

Barau yana hutu a lokacin. Washegari da hantsi ta same shi a gonar babanta, ya duƙa yana maimai, gumi ya jiƙe masa riga.

"Yaya Barau, gonar wa kake nomawa?"

Ya ɗago, yana ganin idonta ya gane. Fartanya ta suɓuce daga hannunsa.

"Hanne, na yi miki laifi. Inna ce ta ɗaure ni da rantsuwa, amma ba zan ɓuya a bayanta ba. Tsoro na ji. Duk hutu in zo da niyyar gaya miki, in na gan ki sai bakina ya mutu."

"Ka bar ni ina saƙa wa iska faifai, mutane suna kallona." Hawaye suka zubo mata. "To, gaya mini abu ɗaya. Me ka gani a can da ya fi gidanmu?"

Barau ya share gumi ya ce, "Kin tuna shekarar sanƙarau, da ƙanena Haruna ya kwanta? Kowa ya gudu. Fada ne ya zo ya ɗauke shi a cinya har ya cika, ni da shi muka haƙa kabari. Kuma kin tuna kakata, kwana da kwanaki tana kiran a zo a yi mata addu'ar ƙarshe, rafi ya cika, babur ya kasa haurowa, ta tafi haka nan. Tun ranar nake jin kamar ana kirana, wai me ya sa sai an jira baƙo daga Kano. Na yi ƙoƙarin toshe kunnena, wallahi na yi. Amma ina son ki, Hanne, wannan ma gaskiya ne. In kika ce in zauna, yau zan zauna."

Ta san da gaske yake, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo.

Kafin a kira azahar a masallacin maƙwabta, labari ya kai wa Inna Gaji, ta iso gidan su Hanne afujajan, ta kama hannun Hanne tana kuka.

"'Yar nan, ki rufa mini asiri. Kalma ɗaya za ki faɗa. In yaron nan ya tafi, gidan ubansa ya mutu, gona ta koma hannun baffansa, ni kuma in mutu ban goya jika ba."

"Inna, shekarun da na yi ina jira, kin sani?"

Tsohuwa ta kasa haɗa ido da ita. "Na sani. Da ke na ɗaure shi, kamar yadda ake ɗaure akuya a turke. Ban yi tunaninki ba."

Hanne ta yi kwanaki ba ta cin abincin kirki. Tana iya riƙe shi, babu mai ganin laifinta. Amma duk sanda ta hango kanta a ɗakinsa, sai ta ga mutum zaune a bakin ƙofa yana sauraron ƙarar babur ran Lahadi, jikinsa a gida, zuciyarsa a wani wuri. Ta ga ba za ta iya zama da rabin miji ba, kuma ba za ta iya jayayya da wanda ya kira shi ba.

Ranar da Barau ya gama noma ya rataye fartanya, Hanne ta shiga zaure da rana tsaka ta sauke ta da hannunta. Ta ɗora a kafaɗa, ta ratsa ƙauyen kowa yana kallo, har gidan Inna Gaji. Ta ajiye a gaban Barau.

"Ga fartanyarka, Yaya. Na sallame ka. Je ka yi abin da aka kira ka, amma kada ka sake ɓoye wa wani gaskiya don tausayi."

Barau ya rufe fuska da tafin hannu, ƙato da shi yana kuka. Inna Gaji ta shige ɗaki, ta yi watanni ba ta amsa gaisuwar Hanne.

Surutu kam an sha shi, wasu na cewa ta tsufa a gida, wasu na cewa an fasa da ita. Ta haɗiye. Da damina ta zagayo, sai ga Gwadabe da shanunsa a gonar babanta, bai ce wa kowa komai ba ya fara huɗa. Aka yi aure. Ya riƙe ta da mutunci, ita ma a hankali ta so shi, ko da yake akwai wani wuri a zuciyarta da bai taɓa warkewa sarai ba.

Shekarar babban fari Inna Gaji ta kwanta ciwo, rumbunta ba ko ƙwaya, ɗanta yana can Jos yana ƙarasa karatu. Hanne ce ta riƙa kai mata kunu, ta wanke mata zani, daga baya ma ta ɗauko ta ta dawo da ita gidan Gwadabe.

Bayan an naɗa Barau Fada, aikinsa na farko a cocin ƙauyensu shi ne baftismar ɗan Hanne na uku. Da ta matso da jariri, sai ta ga wani tsohon faifai ja da kore, ya koɗe, an rufe gurasar addu'a da shi. Tsohon Fada ne ya ajiye shi duk shekarun nan, da zai koma ƙasarsu ya bar wa Barau. Hanne da Barau suka dubi juna sau ɗaya. Sannan ya zuba ruwa ya ambaci sunan yaro, Haruna.

A ƙofar coci Hanne ta kwance majanyi ta ɗora jaririn a bayan Inna Gaji.

"Inna, ga jikanki, goya."

Tsohuwa ta tsaya cak, hawaye na bin kumatunta. "Na cinye miki ƙuruciya, 'yar nan, kin biya ni da wannan. Ki yafe mini."

"Na yafe tuntuni, Inna."

Haƙurin Hanne bai faɗi ƙasa ba, ta sami miji na kirki, ta sami 'ya'ya, ta sami girma a gari. Amma shekarun da ta yi tana jira ba wanda ya iya mayar mata da su. Iyaye, kada son ku ga ɗanku ya sa ku mai da 'yar wani igiya. Samari kuma, duk wadda kuke so, ku gaya mata gaskiya tun da wuri, ko da za ta yi kuka a ranar.