Matattun Kyamarori Biyu

Ranar da ta fara hawowa ofishinsa, a durƙushe ta same shi yana yanke salatif daga jikin kwali, biro a bayan kunne. Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman shagon masu gyaran waya: tebur, kwamfuta, sikeli, sai kwalaye har bakin taga. Ta yi sallama, ta nuna masa hoton wata kyamara a wayarta. Ta ce sana'arta ɗaukar hoto a taron mata, kuma kantin da ke sayar da kyamarar a ƙasar waje ya ƙi katinta, ya ce ma ba ya aiko da kaya nan.

Ya yi mata bayani yadda ya saba yi wa kowa. Yana da adireshi a wani sito can ƙasar. Shi zai saya da katinsa, kanti ya kai sito, ma'aikatan sito su turo masa hoton kayan, sannan ya sa a haɗe kayan mutane a kwali ɗaya don dakon jirgi ya yi sauƙi.

"Wato dai kai ɗan aike ne," in ji ta.

"Ɗan aiken da ba ya tashi daga kujera, ranki ya daɗe."

Ta yi dariya ta rufe baki da gefen mayafi. Tun daga nan sunan ya bi shi, shi kuma ya raɗa mata Mai Hoto.

Duk wanda ya san wannan sana'a ya san ribarta tana cikin haɗe kaya. Amma so ba ya jin lissafi. Kyamara ta iso ita kaɗai, Mai Hoto ta zo ta karɓa. Bayan kwanaki gilashin kyamarar ya iso, ta sake hawowa. Sai caja. Sai jaka. Daga ƙarshe ya tura mata saƙo:

"Mai Hoto, murfin gilashinki ya sauka lafiya. Ya yi mini nauyi, sai dai ki zo da kanki."

Ta mayar masa: "Murfin da bai kai bakin kofi ba? Ɗan Aike, ka ji tsoron Allah."

Amma ta zo, har ta zauna a kan kwali suka sha shayi.

To akwai wani mai babban kanti a bakin titi, mai ƙofar gilashi da talabijin jere kamar sahu, wanda ya daɗe yana nemanta. Da labari ya kai masa, ya ce mata ai tsohuwar dabara ce, a rarraba wa mutum kaya don a yi ta cajinsa dako. Ta daina amsa saƙo. Ɗan Aike ya rame a tsaye, har ya manna wa kayan wani adireshin wani.

Ran nan ta hawo fuska a ɗaure, ta faɗa masa abin da ta ji. Bai yi rantsuwa ba, ya tambaye ta sau nawa ta biya dako. Ta lissafa, ta ga sau ɗaya ne, tun ranar farko.

"To sauran wa ya biya?"

"Wanda ke son ya riƙa jin takunki a kan matakalar nan."

Ta sunkuyar da kai. Ta ce da ya faɗa da baki, da bai wahalar da jirgin sama ba.

Saura Baba. Mahaifinta tsohon mai gyaran rediyo da talabijin ne, mai ƙaramin shago da ke warin dalma. Da Ɗan Aike ya je gaishe shi, tsohon bai ko ajiye sukundireba ba. Ya tambaye shi ina shagonsa, ya ce a waya yake. Ya tambaye shi ko yana taɓa kaya kafin ya saya, ya ce a hoto yake gani.

"Yaro, ba a cinikin biri a sama," in ji Baba. "Mai kanti in ya cuce ni, na san ƙofar da zan je in tsaya. Kai fa? 'Yata ba zan ba wanda arzikinsa ke rataye a iska ba."

Magana ta tsaya nan, mai kanti kuma ya ƙara ƙaimi.

A cikin wannan zaman jira ne Mai Hoto ta ba shi labarin kaset. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, ko muryarta ba ta tunawa. Baba ya taɓa ɗaukar marigayiyar da wata 'yar kyamarar bidiyo mai ƙaramin kaset, kyamarar ta ƙone tuntuni, kamfanin ya daina yin irinta, kaset ɗin yana nan a durowa naɗe a hankici. Shi ma mai kanti ya ji, ya kawo wa Baba sabuwar kyamara dal a kwali. Tsohon ya juya ta gaba da baya, bai ga inda kaset zai shiga ba, ya yi godiya ya mayar masa.

Ɗan Aike ya shiga kasuwannin gwanjo na intanet, irin waɗanda ba sa sayar wa kowa sai mai adireshi a ƙasarsu. Ya sami irin kyamarar mai aiki, ya yi tayi, wani ya wafce ta a daƙiƙar ƙarshe. Ya sake samun wata, aka sake kayar da shi. Abin da ya rage guda biyu ne, masu su sun rubuta ƙarara cewa matattu ne. Dillali mai hankali ba ya taɓa irin wannan. Shi kuwa ya tuna hannun Baba, ya saye su duka aka kai sito.

Sannan ya je shagon. Bai je a matsayin mai neman aure ba, ya ce shawarar gwani ya zo nema: a ɗoro su jirgi, ko a zubar? Baba ya so ya share shi, amma idonsa ya faɗa kan hoton kyamarorin a wayar saurayin. Ya lalubo tabarau. Ya ce a gaya wa mutanen can su buɗe ƙofar kaset su haska ciki. Ɗan Aike ya rubuta wa sito, washegari hotuna suka zo. Baba ya ce a juya ɗayar a ɗauki wurin batir. Kafin mako ya ƙare, tsohon da kansa yake kiran waya yana tambaya ko Turawan nan sun tashi daga barci.

"Wannan injinta lafiya, allonta ne ya mutu," in ji shi, yatsa a kan waya. "Wannan kuma tsatsa ta ci cikinta, amma allon garau. Ka ce su taho."

Ɗan Aike ya ce tsofaffin batura ba sa hawa jirgin sama. Baba ya ce a cire a zubar, wuta ba ta taɓa gagararsa ba.

Ranar da aka ɗora kwalin, ya tura mata: "Abar ƙaunata, Baba ya yi odarsa ta farko."

Ta ce: "Allah ya sa ta iso lafiya, Ɗan Aikena. Zuciyata na cikin kwalin nan."

Kwali ya iso. Baba ya rufe ƙofa ga masu rediyo, ya baje kyamarorin a kan farin ƙyalle, ya ciro daga wannan ya dasa a waccan. Ɗan Aike na riƙe masa fitila yana shan faɗa in hannunsa ya motsa. Wata la'asar, tsohon ya aika a kira 'yarsa. Ya warware hankici, ya saka kaset, ya jona wayar kyamarar a talabijin.

Allo ya yi ruwa-ruwa, sannan ya washe. Ga wata matashiya a tsakar gida, riƙe da hannuwan jaririya tana koya mata tafiya. Ta ɗago ta dubi mai ɗauka tana dariya, ta ce ya ajiye wannan abin ya zo ya karɓi 'yarsa, ita girki na jiranta.

Mai Hoto ta durƙusa gaban talabijin, hannu a kan allo, hawaye na zuba tana murmushi. Baba ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga. Da kaset ya ƙare ya mayar da shi farko, suka sake kallo.

Sannan ya juyo ya dubi saurayin da har yanzu fitila ke hannunsa a kunne.

"Kashe fitilar nan, ɗana. Ka je ka ce wa manyanka ina jiransu."

Ranar ɗaurin aure gida ya cika har waje. Mai kanti bai zo ba, amma ya aiko da fanka, aka karɓa aka gode. Abokan sana'ar amarya sun zo da manyan kyamarorinsu, sai dai babu wanda ya isa ya sha gaban Baba. Yana tsakiyar taro da kyamarar da ya tayar, doguwar wayar wuta na biye da shi, yana ce wa baƙi su matsa su ba shi haske. Amarya, wadda ta saba tsayuwa bayan kyamara, yau ta rasa inda za ta sa idonta don kunya.

Da zai sallame su, ya sauke kyamarar daga ido, ya kama hannun angon da nasa hannun mai tabon dalma.

"Na ba ka ita da zuciya ɗaya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'ar da zan ɗauka tana koyon tafiya."

Jama'a suka amsa da amin, Baba ya mayar da kyamara ido ya ce ango ya ɗan matso, ai ba ya cikin hoto.