Jirgin da Ya Ƙi Ƙarewa

Ruwan sama ya tsayar da Kampala cak a yammacin da Nanteza ta haɗu da Kagoro. Motar hayar da ta ɗauko su daga tsakiyar gari ta maƙale a hanyar Jinja, gaba mota, baya mota, sai 'yan boda da ke kurɗawa da baburansu ta kowace kafa.

Nanteza kuwa Allah bai ba ta haƙurin jira ba. A kantin maganin da take aiki a Wandegeya cewa suke yi ko atishawa da sauri take yinta. Ta ja tsaki, ta ciro waya, ta buɗe wasan da ya ɗauke mata hankali a kwanakin nan, Tsibirin Masunta. A wasan, mutum zai sauka tsibirin da guguwa ta rusa, ya yi noma, ya kama kifi, ya sare itace ya ƙera kaya, har ya gina jirgin ruwan da zai mai da mutanen tsibirin gida. Duk aikin da ka gama, labari ya matsa gaba. Ita dai wani gungume ne ya tsare ta, ta ja ta ja ya ƙi motsi.

"Wannan gungumen sai mutum biyu," in ji wata murya a gefenta.

Ta juya. Dogon saurayi ne mai sanyin ido, da ɗan garin katako maƙale a kafaɗar rigarsa.

"Ssebo," ta ce, wato malam a yarensu, "wayarka ce ko tawa?"

"Taki ce, Nnyabo," ya amsa, wato malama. "Amma tun daga Nakawa nake jin tausayin babban yatsanki."

Dariya ta suɓuce mata ba ta shirya ba. Ya ce sunansa Kagoro, kafinta ne a Nsambya, asalinsa mutumin Tooro. Shi ma yana da wasan. Ta ba shi sunan tsibirinta, ya shigo, suka kama gungumen tare, ya tashi kamar kara.

Da ta zo sauka a Kireka ya nemi lambarta. Ta ɗaga gira.

"Ba na ba maza lamba a mota. Ka taya ni aiki a tsibiri dai. Ranar da aka gama jirgi, shi ke nan, kowa ya kama gabansa."

Ta faɗa ne don jan aji, kafin ta tsallaka titi ma ta manta. Shi bai manta ba.

Da farko aiki ya tafi kamar ruwa. Suka gyara gada, suka tayar da maƙera, suka kafa ƙashin jirgi. Ta akwatin saƙon wasan kaɗai suke magana, amma maganar ta fi aikin yawa.

"Mu a Tooro kowa yana da sunan ƙauna, empaako," ya rubuta mata wata safiya. "Nawa Araali. Ke kuma na ba ki Abwooli."

"Wa ya ce ina buƙata? Je ka saro itace, Kafinta."

"To, Abwooli."

Ta daɗe tana kallon sunan tana murmushi, har wani mai sayen maganin tari ya ƙwanƙwasa mata tebur. Son Kagoro ya riga ya kama ta, ta sani sarai. Amma ba za ta fara faɗa ba. Sai ta yi wa kanta lissafi: ranar da jirgi ya shiga ruwa, ba shi da sauran mafaka, dole ya buɗe baki ya nemi ganinta. Don haka ta ƙara wuta.

Daidai lokacin nan kuma Kagoro ya koma hawainiya.

Ta aike shi neman ƙusa, ya dawo da furanni. Ta ce a haɗa katakon gefen jirgi, ya ɗauke katakon ya yi wa kajinsu ɗaki mai baranda. Ya ƙera benci ya ajiye bakin ruwa, ya yi masa fenti, ya ce launin bai yi ba, ya sake.

"Kafinta, kaji ne za su tuƙa mu?"

"Kaji ma bayin Allah ne. Zo ki zauna a bencin nan, rana za ta faɗi."

"Ina da aiki."

"Aikin ba zai gudu ba, Abwooli. Faɗuwar ranar ce za ta gudu."

Takan zo ta zauna. Su yi ta hira, 'yan mutanensu biyu na cikin wasan suna kaɗa ƙafa a kan benci, ya ba ta labarin gonakin shayin garinsu, ta ba shi labarin mahaifinta da ke Masaka. Tana jin daɗi, tana kuma jin haushi, domin lokaci ba nata ba ne.

A gidan gwaggonta take zaune, Ssenga Nabbosa, kuma a Buganda duk mai son aure ta ƙofar Ssenga yake bi. Wani ya riga ya ƙwanƙwasa ƙofar. Ssentongo, mai sayar da kayan mota a Kisekka, mutum ne da bai san wata-wata ba. Ganin Nanteza sau biyu ya yi, sai ga kwandon sukari da nama a gida.

"Ya nemi ranar ziyara, na ce ƙarshen wata," in ji Ssenga tana ɓare matoke, ayabar dafuwa. "Sai dai in akwai wani."

Nanteza tana durƙushe a gabanta ta ce, "Akwai, Ssenga."

"Ɗan gidan wa?"

"Kafinta ne. Mutumin Tooro."

"Ai ba mu ƙare da samarin Buganda ba! To ya ce yana son ki?"

"Bai dai faɗa ba tukuna."

"Me kuke yi ke nan?"

"Jirgi muke ginawa. A waya."

Ssenga ta ajiye wuƙa. "Kafinta, ya kasa gama jirgin da ko ruwa ba zai taɓa ba? Yarinya, wannan ko gado ya fara miki sai kin yi jika kina kwana a tabarma. Ya zo ya yi magana kafin ƙarshen wata, in ba haka ba Ssentongo zai sha shayi a falon nan."

Nanteza ta koma tsibiri kamar mai aikin gayya ita kaɗai. Duk hutun abincin rana tana sara tana bugu, har jirgi ya tsaya tsaf. Abu ɗaya ya rage, ƙararrawar tagulla da tsohon maƙerin wasan yake bayarwa sau ɗaya tak. Sai an rataya ta jirgi zai shiga ruwa. Kagoro ne ya karɓo ta.

"Kawo ƙararrawa mu gama."

"Wai kin san na neme ta na rasa?"

"Ka rasa? A tsibirin da bai fi tafin hannu ba?"

"Wataƙila kaji sun ɗauka."

Ba ta yi dariya ba. Ta kife wayar, hawaye suka cika mata ido. A ganinta mutumin nan wasa kawai yake so, ba ita ba.

Ranar Laraba aka ba ta hutu ba zato, ta shiga tsibiri da hantsi, lokacin da ba ta saba shiga ba. Sai ga wata mace tana ba furannin Kagoro ruwa hankali kwance. Sunanta a rubuce saman kanta, Kemigisa. A bayanta kuwa ƙararrawar tagulla ce rataye, tana ƙara duk takun da ta yi. Matar tana ganin Nanteza sai ta ɓace.

Nanteza ba ta tsaya rubuta saƙo ba. Ta zari jaka ta tare ɗan boda.

"Nsambya, layin kafintoci. Kuma in kana tsoron gudu faɗa min in sauka."

Ta bi layin tana tambaya, ta wuce gadaje da kujeru da akwatuna, har aka nuna mata rumfarsa. Ga shi nan yana goge ƙafar tebur. Ga wata mata zaune a gefe da goyo a baya, tana zuba masa katogo, faten ayaba, a kwano, waya a cinyarta.

"Sannu, Ssebo," in ji Nanteza. "Ashe kazar da ta ɗauki ƙararrawa har goyo gare ta."

Kagoro ya miƙe, takardar gugar ta faɗi daga hannunsa. Matar ta dubi Nanteza sama da ƙasa, sai ta tuntsire da dariya har jaririn ya farka.

"Ke ce Abwooli! Zo nan, 'yar uwa, zo ki raba ni da wahala. Ni yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da girmana da 'ya'yana yaron nan ya sa ni koyon wasa don in ɓoye masa ƙararrawa. Har furanni yake sa ni bai wa ruwa!"

Kunya ta rufe Nanteza, amma haushin bai sauka ba. Ta juya gare shi.

"Me ya sa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ke kika ce."

"Na ce me?"

"A Kireka, kina sauka. Kin ce ranar da aka gama jirgi kowa ya kama gabansa. Ni kuma ba ni da wani gaba da nake son kamawa. Ba ni da lambarki, ba ni da komai sai tsibirin nan. Duk ƙusar da kika buga, ji nake kamar a ƙirjina. Ina ganin saurin da kike yi, na ɗauka kin gaji da ni ne."

Ta dafe kai. "Ni da nake sauri don a gama ka buɗe baki ka yi magana!"

"Ni kuma ina ja don kada a gama."

"Kai, Allah ya haɗa," in ji Kemigisa tana jijjiga goyo. "Ɗaya na ja gaba, ɗaya na ja baya, ni kuma a tsakiya da ƙararrawa."

Kagoro ya matso. "Ina son ki, Abwooli. Tun a motar nan. Na faɗa a makare, amma na faɗa."

Ta share ido da bayan hannu. "Ba ni za ka faɗa wa ba. Ssengata tana jira, kuma akwai mai kayan mota a layi. Wannan karon in ka tsaya yi wa kaji baranda, ka rasa ni, Araali."

Wannan ne karo na farko da ta kira shi da sunan. Ya tsaya baki buɗe, sai da yayarsa ta zungure shi.

Ran Asabar ya iso Kireka cikin farar doguwar rigar kanzu da kwat, tare da Kemigisa da wani kawunsu. Ya kawo kujerar hutawa da ya ƙera da hannunsa cikin 'yan kwanakin nan. Ssenga Nabbosa ta zauna a kai, ta jijjiga ta, ta danna, tana neman aibi ba ta samu ba. Ta yi masa tambayoyi kan danginsa har shayi ya huce.

"Kujera ta yi," ta ce a ƙarshe. "Amma an ce min ba ka gama abin da ka fara. Ba zan kai wa yayana sunan mutumin da ke ɓoye ƙararrawa ba. Ku fito da wayoyin. A gabana za a gama jirgin nan."

Kemigisa ta miƙa ƙararrawar a cikin wasan da murna. Nanteza ta rataya. Ya rage su tura tare. Ta lura Kagoro ya ƙi ɗora yatsa a kan waya, don har yanzu tsoron ƙarshen bai sake shi ba.

"Tura mana," ta ce a hankali. "Ina nan."

Suka tura. Jirgi ya sulale cikin ruwa, ƙararrawa ta kaɗa, mutanen tsibiri suka hau suna ɗaga hannu, aka rubuta cewa labari ya ƙare. Fuskar wayar ta yi baƙi.

Can sai gari ya sake wayewa a tsibirin. Ga bencinsu, ga furanni, ga 'yan mutanensu biyu tsaye a bakin ruwa. Wani ɗan rubutu ya fito a sama: kajinku suna jin yunwa.

"Au, ba a korar mutum?" in ji Kagoro.

Ssenga ta leƙa, ta gyara tabarau. "Wannan ne abin da ka yi wata da watanni kana gudu? To tashi ka ba kaji abinci, surukina. Ni zan kira Masaka."

Ssentongo ya karɓi haƙuri ba tare da ɓata lokaci ba, kamar yadda yake komai. Bayan an gabatar da Kagoro a gidan mahaifin Nanteza a Masaka, aka ɗaura aure a coci, Nanteza ta fito cikin rigar gargajiya ta gomesi ruwan zuma, dangin Tooro suna kiran Abwooli ta kowane gefe. Ssenga ta dafa kawunansu ta ce Allah ya ba ɗaya haƙuri, ya ba ɗayan ɗan sauri, ya cika gidan da 'ya'ya. Jama'a suka amsa da amin.

Da aka tashi, direba ya tambayi amarya ko ya bi gajeriyar hanya don su isa da wuri. Ta dubi mijinta, ta jingina kai a kafaɗarsa.

"Bi doguwar," ta ce. "Kuma ka tafi a hankali."