Gas ɗin da Na Saki a Gindin Tsamiya

Sunana Kalilu, shekara goma sha huɗu ina gyaran esin mota, wato na'urar sanyaya ta, a Daura. Kullum ina gaya wa masu kawo min aiki cewa esi ba ya ƙera sanyi. Zafin cikin mota yake kwashewa ya kai waje. Gas ya sha zafin a bayan dashbod, kwamfuresa ta matse shi ta tura gaba, fanka ta hura zafin ya fice, gas ya huce ya dawo ya sake ɗiba. Wasu su yi dariya, su ce Kalilu ka cika lacca.

Ranar wata Laraba, cikin bazara, na je Baure ɗauko 'yata Fadila daga gidan kakarta. Shekararta shida. Muka kamo hanya rana ta yi ja, Fadila tana kujerar baya tana cin gyaɗa. Sai na ji kwamfuresa tana gurnani. Laifina ne, da safe na ɗura gas ya wuce kima, ni da nake yi wa mutane faɗa a kan haka.

Na tsaya gindin wata tsamiya, na buɗe bonet, na danna bakin bututun gas da sukudireba don in rage shi. Gas ya fito fari fat, fuuu, ya bi ƙasa ya shige cikin saiwoyin bishiyar. Tun muna yara ake hana mu zubar da ruwan zafi da magariba ba bisimilla, kada mu ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye. Wallahi ba wanda ya taɓa ce mana komai a kan sanyi. Kuma gas ɗin nan in ya taɓa fata, daskarar da ita yake yi.

Sai na ji kukan jariri. Sau ɗaya, siriri, ya yanke.

Na duba, ba gida ba mutum. Na shiga mota na ja.

Ba mu yi nisa ba Fadila ta ce, “Baba, sanyi.”

Na kashe esi. Na ji ƙarar sakin kwamfuresa, ƙas. Na sauke gilasai, iska mai zafi ta bugo min fuska, gumi na bin bayana.

“Baba, sanyi nake ji.”

Haƙoranta suna haɗuwa, kaf-kaf-kaf. Wani wari ya cika motar, irin na jiƙaƙƙiyar ƙasa da tsohuwar tsamiya. Na tsaya, na zare fiyus ɗin esi gaba ɗaya. Na taɓa bututan esin guda biyu, ba mai sanyi, ba mai aiki. Kujera da zafi, ƙofa da zafi. Na miƙa hannu na taɓa goshin 'yata, kamar na taɓa randa da asuba.

Na san aikin nan. In abu yana sanyi, to ana kwashe zafinsa ne ana kai shi wani wuri.

Na ɗaga ido na kalli madubi.

Wata mata ce zaune kusa da Fadila, doguwa, kanta ya tanƙwashe a rufin mota. Ta rungume jariri, fuskarsa ta yi fari da ƙanƙara. Hannunta ɗaya yana kan ƙirjinsa, ɗaya yana kan ƙirjin 'yata.

Na buɗe baki in karanta Ayatul Kursiyyu, harshena ya maƙale.

“Ka daskarar min da ɗa,” ta ce, can ƙasa-ƙasa.

“Ban sani ba. Don Allah, ɗebi zafin jikina.”

“Naka na babba ne. Zai ƙona shi.”

Na fizgo Fadila, na kwantar da ita a kan bonet da ke tiriri. Ina kallo ƙarfen ya huce, ya fara raɓa. Na cire rigata na naɗe ta. Na murza tafin ƙafarta. Na hura mata numfashi a hannu.

Leɓenta ya yi toka.

“Baba,” ta ce, ba ta ƙarasa ba.

Ni da na san kowace waya a jikin mota, ban san wacce zan cire ba. Kuka kawai nake yi.

Can daga wani ƙauye aka kwaɗa kiran sallar magariba. Jaririn ya yi atishawa a cikin motar. Na saɓa 'yata na zura a guje wajen muryar ladan, ban waiwaya ba, takalmina ɗaya ya tsaya a hanya.

Mutanen ƙauyen suka hura wuta, liman ya yi ta tofi har Fadila ta buɗe ido. Washegari na koma da mutum uku muka jawo motar, ba kowa a ciki.

Wata biyar ke nan. Mun je asibiti, mun je wajen malamai har Kongolam. Fadila tana ci, tana wasa, amma ba ta ƙara yin gumi ba. Tsakar rana za ka same ta a bakin murhu da bargo, mahaifiyarta Shatu tana kallonta tana share hawaye.

Jiya ina sa mata safa ta biyu, ta riƙe min hannu da yatsunta masu sanyi.

“Baba, kada ka damu,” ta ce. “Matar ta ce saura kaɗan ɗanta ya warke.”