Waƙar da Rikodar Alu ta Haɗiye

Rana ta sauka bayan dutse, kaji sun fara neman makwanci, gidan Alu na bayan kasuwar Dutsin-Ma ya yi shiru irin na gab da magariba. Inna, mahaifiyarsa, tana tuƙin tuwo a gindin murhu. Hawwa'u, 'yarsa tilo, wadda suke kira Kulu, tana ɗaure awaki. Shi kuwa maigidan yana zaure, ya haɗa gumi, yana kokawa da sabuwar rikodarsa mai baki biyu na sa kaset.

Sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Inna ta ce 'ya'yan maƙwabta ne marasa kunya. Wani ya faɗo cikin tukunyar miya. Wani kuma ya shigo zaure, ya sauka a kan rikodar a hankali, kamar da hannu aka ajiye shi. Alu ya taɓa shi ya ji shi da ɗumi.

Shi Alun nan ɗan Tamawa ne ta ƙasar Kurfi. Kakanninsa shanu suka sani, shi kuwa kiɗa ya shiga ransa tun yana saurayi, har ɗaukar makaɗa a kaset ta zama sana'arsa. Sana'a ce ta baƙin ciki, ni dai haka na gan ta. Bai taɓa gama koyon rikoda guda ba face Cornelius, mai gyaran rediyo na bakin tasha, ya dawo daga Kaduna da wata, ya ce waccan ta tsufa. Da ya iya mai makirfo ɗaya, makaɗa suka ce sai mai biyu. Da ya iya ta, aka ce yanzu ana yayin mai sa murya ta yi amsa-kuwwa. Ga littafin bayani da Turanci, ga Cornelius in yana koyarwa kamar ana korarsa. Abin da ya fi ci wa Alu rai, masu ƙera abin nan, Allah ya shirye su, ba sa barin maɓalli inda yatsan mutum ya saba da shi.

Yana riƙe da dutsen ya ji Inna na salati. Ya fito tsakar gida ya tarar da Kulu tsaye, igiyar akuya a hannu, idanunta a kafe. Ta buɗe baki ta yi tari irin na namiji. Sannan muryar Alu, tasa ta kansa, ta fito daga maƙoshin yarinyar.

"Tir, wannan abu shi zai kashe ni. Ina kuma suka kai shi?"

Alu ya san ranar da ya faɗi maganar nan.

A makon da ya wuce ne ya ɗauki wani mai kukuma da batirin mota suka tafi gindin wata tsamiya a hanyar Makera, saboda a gari kukan awaki da ƙarar babura suna ɓata masa aiki. Suka kai magariba. Suka matsa gefe suka yi salla, ya manta bai kashe rikodar ba. Da ya dawo gida ya saurara a tsohuwar rikodarsa, bayan kiɗan ya ƙare, sai ga muryar wata mace can ƙasa-ƙasa, tana lallashin jariri da harshen da bai taɓa ji ba. Mai hankali da ya binne kaset ɗin. Alu kuwa cewa ya yi in aka ɗora mata kalangu za ta yi daɗi. Ya sa kaset ɗin cikin sabuwar rikodar, yatsansa ya tafi inda ya saba. A tsohuwar, nan ne maɓallin sauraro. A sabuwar, nan ne na ɗauka. Kafin ya farga, tarinsa da tsakinsa sun hau kan waƙar sun shafe ta.

Daga wannan yammacin Kulu ba ta ƙara magana da muryarta ba. Ba ta neman ruwa, ba ta amsa kira. In rana ta yi ja, duwatsu su fara sauka, ita kuma ta yi tarin nan ta maimaita maganar ubanta. Can cikin rumbu kuma, inda babu komai sai dawa, a riƙa jin kukan jariri, kuka na wanda ya gaji bai samu barci ba. Maƙwabta suka daina shigowa ɗibar wuta.

Inna ce ta gaji. Ba ta kiran sunan Alu, ɗan fari ne. Ta tsaya bakin zaure ta ce, "Kai, bar shafa ƙarfen nan ka tashi. Ka tafi Rawayau ka zo da Malam Ya'u."

Malam Ya'u dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya iso bayan la'asar, ya sa aka zaunar da Kulu kan tabarma, ya yi ta karatu a kunnenta har inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Iska ta tsaya. Kukan rumbu ya ɗauke. Yarinyar ta ɗago kai, ta yi magana da muryar wata mace babba, murya a dushe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Baiwar Allah, mi yarinyar nan ta yi maki?"

"Ita ba ta yi ba. Ubanta ne ɓarawo. Waƙarmu ba irin taku ba ce. Guda ce gare ni, in na sake ta kan ɗana takan dawo bakina. Ranar nan ba ta dawo ba, ƙarfensa ya haɗiye ta. Tun daga ranar ɗana bai runtsa ba."

Alu ya durƙusa ya ce wallahi kuskure ne, maɓallin ne aka sauya wa wuri. Ta juyo da idon Kulu ta dube shi.

"Ni ina ruwana da maɓalli? Ka maido mani waƙata, ko in tafi da muryar 'yarka in riƙa lallashinsa da ita."

Malam ya ce muryar yarinya ba ta zuwa ko'ina. Ya yi mata tayin rago, ta ce rago ba ya sa ɗa barci. Ya yi tayin turare, ta yi dariya mara daɗi. Ya ɗaga murya zai koma karatu, sai ta yi sauri ta ce, "To akwai waƙar uwa a gidan nan. Tana cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin gado. Ita nake so, kafin a kira salla."

Inna ta rufe fuska da mayafi. Abin da ke cikin akwatin kaset ɗin Hasana ne, mahaifiyar Kulu, wadda ta rasu yarinyar tana rarrafe. Shi ne abu na farko da Alu ya taɓa ɗauka, da rikodarsa ta fari, Hasana ba ta ma sani ba, tana goye da Kulu tana sussukar gero. Babu hotonta a duniya. Muryar nan kaɗai ta rage masu.

Alu ya ɗauko kaset ɗin. Sai ya tuna dalilin da ya sa ya sayi sabuwar rikodar tun farko: baki biyu gare ta, tana kwafe kaset zuwa kaset. Ya ruga zaure ya jawo ta, ya sa na Hasana a baki ɗaya, ya sa sabo a ɗayan. Daga nan ya tsaya. Maɓallai jere kamar haƙoran masara, biyu jajaye. Cornelius ya nuna masa sau ɗaya, a tsaitsaye, kuma yanzu yana Kaduna. Wanne ke kwafa? Wane baki ne ke ci, wanne ke bayarwa? Ya ɗora yatsa kan wani na gefen dama. Gumi ya ɗiga kan rikodar. Takaici ya kama shi, shekara da shekaru yana bin ƙarafan nan, yau da yake buƙatar abu ɗaya tak bai iya ba.

Malam Ya'u ya ce a hankali, "Alu, in ka kuskure ka shafe wannan ma, da mi za mu fanshi yarinyar?"

Alu ya dubi Kulu. Ya janye yatsansa. Ya shiga ɗaki ya ɗauko tsohuwar rikodar nan ta fari, mai tsagaggen murfi, wadda ko a duhu ya san hanyarta. Ya danna.

Muryar Hasana ta cika tsakar gida, ana jin bugun taɓarya a bayanta. "Yi barci Kuluwa, shanu sun dawo, rana ta kai kayanta gida." Bakin Kulu ya buɗe, kamar mai shan ruwa. Muryar ta riƙa yin ƙasa, tana yin nisa, har ba a jin komai sai shuuu na kaset. Wata iska ta fita ta zaure. Ladan ya kira salla.

Kulu ta zube jikin kakarta. Can ta buɗe ido ta ce da 'yar muryarta, "Inna, ƙishirwa nake ji." Alu ya mayar da kaset ɗin farko ya sake dannawa, babu komai a ciki. Ya tambayi Kulu waƙar, ita da ta haddace ta daga kaset ɗin tun tana ƙarama, ta ce wace waƙa?

Da Cornelius ya dawo, ya shigo zaure da kwali a kafaɗa yana cewa ya kawo wadda ta fi. Alu bai dubi kwalin ba. Ya nuna mai baki biyun ya ce, "Nuna mani na kwafa."

"Haba Malam Alu, ai wannan ne. Shi kaɗai za ka danna."

Shi ne na gefen daman, wanda yatsan Alu ya zauna a kai ranar nan. Alu ya daɗe yana kallonsa.

Masu dawowa daga gona ta hanyar Makera sun ce sukan gan shi in rana ta yi ja, zaune nesa da tsamiyar nan, hannu rabbana, ba rikoda ba batir, ya karkata kunne ɗaya. In sun yi masa sallama sai ya ɗaga hannu ya ce su yi a hankali, ana sa yaro barci.